Kamarorin tsaro a Filingue: yadda ake zaɓen suwic ɗin da zai kai su har wayewar gari

A garin Filingue da sauran garuruwan ƙasar Kurfai, masu mangazar hatsi, masu farmasi, masu gidan esansi da masu shagon aika kuɗi duk suna da dalilin son sanin abin da ke wakana a bakin ƙofarsu bayan sun rufe sun tafi gida. Jihar Tillaberi ta daɗe cikin matsalar tsaro, har aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassanta tun shekarar 2017, ga kuma ƙananan sace-sace irin na kowane gari mai babbar kasuwa. Wannan ya sa kamarar tsaro ta shiga lissafin ƴan kasuwa da dama.

Sai dai mafi yawan masu saye kan tsaya ne a kan kamarar kanta: kyan hotonta, nisan da take hangowa, da ko za a iya kallonta a wayar salula. Ba kasafai ake tambaya game da ɗan akwatin da wayoyin kamarorin duka ke haɗuwa a cikinsa ba. Masu sana'ar na kiransa suwic, a takardun Faransanci kuwa commutateur ake rubutawa. Shi ne ke ba kamarori wuta, shi ne kuma ke kwashe hotunansu zuwa na'urar ajiya. Idan ya gaza, kamarori goma masu tsada sun zama ado a jikin bango. Abin da ya fi muni, suwic ɗin da aka zaɓa ba daidai ba ya fi gazawa ne da dare, daidai lokacin da aka sayi kamarar dominsa.

Wane ne ke buƙatar suwic?

Ba kowane tsari ne ke buƙatarsa ba. Akwai kamarori irin na da, masu aiki da waya mai kauri irin ta eriyar talabijin, waɗanda kowace ke tafiya kai tsaye zuwa na'urar ajiya da ake kira DVR. Waɗannan ba ruwansu da suwic. Haka nan mai ƙaramin butik da ke son kamara ɗaya ko biyu zai iya wadatuwa da irin masu ɗauke da katin salula da ɗan farantin hasken rana a kansu.

Suwic na shigowa ne a tsarin kamarorin da ake kira IP, masu aiki da wayar rezo irin ta kwamfuta, waɗanda ke tura hotunansu zuwa na'urar ajiya mai suna NVR. Ko a nan ma akwai NVR da ke zuwa da ƙofofi 4, 8 ko 16 a bayanta, wato suwic ɗin na cikinta. Ga gida ko shago guda, inda kamarorin ke kusa da juna, wannan ya isa, kuma ya fi sauƙin haɗawa. Suwic na daban yana zama dole idan kamarorin sun fi ƙofofin NVR yawa, ko suna warwatse a gine-gine biyu ko uku, ko kuma idan mai wurin na son ɓoye na'urar ajiyar a wani ɗaki na ciki. Wannan dalili na ƙarshe yana da nauyi: ɓarawon da ya san kan abin yakan nemi na'urar ajiya ya tafi da ita. Idan wayoyin kamarori sun ƙare a suwic, waya guda ce tak ke wucewa zuwa inda aka ɓoye NVR.

Waya ɗaya, aiki biyu

Abin da ya bambanta suwic na kamara da na ofis shi ne fasahar da ake kira PoE, wato tura wutar lantarki ta cikin wayar da ke ɗaukar hoto. Da ita, ba sai an ja wa kowace kamara wutar volt 220 zuwa saman bango ba. Suwic ɗin ne ke tura wuta mai ƙarfin kimanin volt 48 ta cikin wayar rezo.

Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE da ke Amurka ce ta tsara ƙa'idojin wannan fasaha, kuma lambobinsu na rubuce a jikin kwali. Ƙa'idar farko, 802.3af, ta fito a 2003: kowace ƙofa na iya fitar da wat 15.4, abin da ke isa ga kamara kuwa bai wuce wat 12.95 ba, saura yana salwanta a cikin waya. Ta biyu, 802.3at, wadda aka fi sani da PoE+, ta fito a 2009: wat 30 daga ƙofa, wat 25.5 a wurin kamara. Ta uku, 802.3bt, ta zo a 2018, tana kaiwa wat 60 har zuwa 90.

Ƙaramar kamara mai kallon wuri guda ba ta wuce ƙarfin ƙa'idar farko. Mai juyawa hagu da dama tana zuƙo hoto daga nesa, wadda ake kira PTZ, galibi sai ta biyu, manyan cikinsu ma sai ta uku. Don haka ga mai saye a yau, suwic mai ɗauke da af da at tare shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata ya karɓa.

Amfanin waɗannan ƙa'idoji shi ne suwic ba ya sakin wuta sai ya gwada abin da aka soka masa ya tabbatar yana buƙatarta. Ko an soka kwamfuta bisa kuskure, ba abin da zai same ta. Amma a kasuwa akwai wani nau'i da ake kira PoE passif, wanda ke sakin volt 24 ko 48 ba tambaya. Ana amfani da shi ga wasu eriyoyin rezo na kamfanoni irin su Ubiquiti da MikroTik, kuma yana da kyau a inda aka yi shi dominsa. Idan aka haɗa shi da kamarar da ba irin tasa ba, ko dai ta ƙi tashi, ko ta lalace. Kwalin da aka rubuta PoE kawai, babu lambar 802.3 ko ɗaya, abin a yi hattara da shi ne.

A ƙirga wat, ba ƙofofi kaɗai ba

A nan ne aka fi yin kuskure. Mai saye ya ga an rubuta ƙofofi 8, kowace wat 30, sai ya ɗauka akwatin na iya ba da wat 240. Ba haka ba ne. Kowane suwic na da jimillar wutar da zai iya rabawa ga ƙofofinsa duka a lokaci guda, abin da takardarsa ke kira budget PoE. A cikin masu ƙofofi 8 akwai masu jimillar wat 60 ko 65, akwai masu wat 120 ko kusa da haka. A ido kamanninsu ɗaya, kuma na farkon ya fi araha.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai mangaza a kusa da kasuwar Filingue. Yana son kamarori bakwai: shida masu kallon wuri guda a ƙofofi da kusurwoyi, da PTZ guda a saman gini mai kallon inda motoci ke sauke kaya. A takardar kowace daga cikin shidan an rubuta mafi yawan abin da take ci wat 7 ne, wato 42 gaba ɗaya. PTZ ɗin na cin wat 24. Jimilla 66. Sai a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda abin da waya ke sha da kuma zafi, lissafi ya kai kimanin wat 83. Ke nan suwic mai wat 60 bai isa ba, mai wat 120 ne nasa.

Matsalar ita ce ranar da aka haɗa kayan, mai wat 60 ɗin zai yi aiki lafiya lau. Da rana kamara ba ta cin wuta sosai, wat 3 ko 4 ya ishe ta. Mai haɗawa zai nuna wa mai mangaza hotuna bakwai a allo, a biya shi, ya kama hanyar Yamai. Sai bayan magariba, idan duhu ya shiga, kowace kamara ta kunna fitilunta na infraruj, waɗanda idon mutum ba ya gani amma da su take gani cikin duhu. Nan take cin wutar ya ninka ko ya kusa. Da jimillar ta wuce ƙarfinsa, suwic zai yanke wa wasu ƙofofi wuta don ya ceci kansa. Kamara ta mutu, ta sake tashi, ta kunna fitila, ta sake mutuwa, haka har asuba. Da safe komai ya koma daidai, shi ya sa mai wuri ke iya yin watanni bai lura ba, sai ranar da aka fasa masa ƙofa ya nemi hoton ƙarfe biyu na dare ya tarar da baƙin allo.

Hanyar kauce wa wannan mai sauƙi ce: a yi lissafi da lambar da ta fi girma a takardar kowace kamara, kuma kada a kammala biyan kuɗin aiki sai an duba hotunan dare guda cikakke. Akwai wata dabara kuma: suwic da yawa na fifita ƙofofin farko idan wuta ta yi ƙaranci, su fara yanke na ƙarshe. Don haka kamarar da ta fi muhimmanci, kamar mai kallon babbar ƙofa ko akwatin kuɗi, ita ya kamata a soka a ƙofa ta ɗaya.

Game da yawan ƙofofin kuwa, a bar aƙalla ɗaya ko biyu babu komai. Ana ƙara kamara daga baya, kuma tsawa kan kashe ƙofa guda ta bar saura. A kuma tabbatar akwai ƙofofi na daban, galibi biyu, waɗanda ba na kamara ba ne, na haɗawa da NVR da akwatin intanet.

Gudun hoto

Wannan ɓangaren bai kai na wuta wahala ba. Kamara mai megapiksel 2 zuwa 4 kan tura tsakanin megabit 2 zuwa 6 a daƙiƙa, gwargwadon yadda aka saita ta. Ƙofa mai megabit 100 ta ishe ta har da rara mai yawa, don haka ba dole ba ne a biya kuɗin gigabit a kowace ƙofa. Inda ake buƙatar faɗi shi ne ƙofar da ke zuwa NVR, domin hotunan duka ta nan suke bi. Kamarori bakwai na misalin da ya gabata kan tura kimanin megabit 30. Amma idan suka kai 16, ko aka jona suwic biyu, to ƙofar gigabit ta zama dole, in ba haka ba hoto zai riƙa tsinkewa.

Wannan lamba na da wani amfani. Megabit ɗaya a daƙiƙa na cinye kusan gigabait 11 a yini. Megabit 30 ke nan sun haura gigabait 320 kowace rana, faifan ajiya mai terabait 4 zai cika cikin kwana 12 ko kusa da haka, sannan sabon hoto ya fara goge tsoho. Kamarori masu tsarin matse hoto na H.265 na rage wannan nauyi sosai idan aka kwatanta da H.264, wani lokaci har kusan rabi.

Mita 100 da maganar jan ƙarfe

Wayar rezo na da iyaka: mita 100 daga suwic zuwa kamara. Ba a miƙe ake aunawa ba, a bi hanyar da wayar za ta bi ne, da hawa bango da zagaye kusurwa. A wuri mai faɗi, irin makaranta, asibiti, tashar mota, kasuwar dabbobi ko makiyaya mai girma kamar ta Tukunus da ke arewacin Filingue, mita 100 ba komai ba ne.

Suwic da dama da aka yi don kamara na da wani maɓalli da ke tsawaita nisan zuwa kimanin mita 250, ta hanyar rage gudun ƙofar zuwa megabit 10. Ga kamara guda wannan kan wadatar, amma wutar da ke isa gare ta na raguwa da nisa, don haka bai dace da PTZ ba. Idan nisan ya wuce haka, mafita ita ce a ajiye ƙaramin suwic na biyu a can, a haɗa su da fibir optik, wato waya mai zaren gilashi, ko da eriya biyu masu kallon juna. Mai niyyar amfani da fibir sai ya nemi suwic mai ƙofar da ake kira SFP.

Ita ma wayar kanta abin dubawa ce. Cat5e ko Cat6 duk suna yi, muddin jan ƙarfe ne zalla. Akwai mai araha da aka rubuta CCA a kwalinta, wadda cikinta alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, tana ɗumi, tana karyewa da wuri, kuma a nisa kamara kan riƙa mutuwa da dare ko da suwic ɗin na da ƙarfi. Gane ta ba wuya: a kankare silin waya guda da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki, alminiyom ne. Wadda za ta bi waje kuma a nemi mai baƙar riga da aka yi don rana, ko a sa ta cikin bututu, domin ranar Sahel na busar da rigar wayar cikin gida ta farfashe.

Zafi da ƙura

Mafi yawan ƙananan suwic an ƙera su ne don ofis, kuma takardunsu na cewa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. A kwarin Dallol Bosso, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa kansa na haura digiri 40. Ɗaki mai rufin kwano da aka kulle, ko akwatin ƙarfe da rana ke duka, ya fi haka nesa ba kusa ba. Suwic da ya yi zafi fiye da kima yakan sandare, ko ƙarfin wutar da yake bayarwa ya ragu, kuma kwanansa na ƙarewa da wuri.

Saboda haka layin da ke nuna zafin aiki a takardar na'ura na cikin abubuwan farko da za a karanta. Akwai masu jure digiri 50 ko 55, waɗanda suka fi dacewa da cikin gini. Akwai kuma irin na masana'antu, masu jikin ƙarfe mai kauri, da ke jure har digiri 75. Sun fi tsada, amma duk suwic ɗin da za a rataye a waje, kan turke ko jikin katanga, irin wannan ya kamata ya zama.

Sai maganar fanka. Manyan suwic masu ƙofofi 16 ko 24 kan zo da ƙaramar fanka a ciki. Lokacin hunturu, fankar na zuƙo ƙura ta tara a kan kayan ciki, har wata rana ta tsaya cak ba wanda ya sani. Inda kamarori ba su da yawa, marar fanka mai jikin ƙarfe ya fi kwanciyar hankali. Idan ba makawa sai mai fanka, to a riƙa hure masa ƙura lokaci-lokaci, musamman bayan hunturu kafin shigowar bazara. A kowane hali a rataye shi a bangon da rana ba ta duka, nesa da rufin kwano, inda iska ke ratsawa, kuma kada a ɗora shi kan NVR, zafin ɗaya ya haɗu da na ɗaya.

Tsawar damina

Daga Yuni zuwa Satumba hadari kan zo da tsawa mai ƙarfi. Ba sai aradu ta faɗa kan gini ba kafin ta yi ɓarna. Ko a kusa ta sauka, doguwar wayar da ke waje na kwaso wani ƙarfin wuta ta kawo shi cikin suwic, daga nan ya wuce NVR. Suwic da aka yi don kamara kan nuna ƙarfin kariyarsa a takarda, misali kilovolt 4 ko 6. Wannan kariya tana aiki ne kawai idan an haɗa ɗan kusoshin da ke bayan akwatin da wayar ƙasa, wadda ke zuwa ga sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Sau da yawa ana barin kusoshin nan haka nan. A ƙasa mai yashi da bushewa, sandar na buƙatar ta nutse sosai, a wuri mai ɗan danshi.

Ga kamarar da ke kan dogon turke, ana ƙara wata ƙaramar na'urar kariya a kan wayar. Tsakanin gini da gini kuwa fibir ta fi komai, domin gilashi ba ya ɗaukar wuta: abin da ya sami gini ɗaya ba zai bi ta cikinta ya ƙona na biyu ba.

Idan wuta ta ɗauke

Ba wanda ke zaune a Nijar da ke buƙatar a yi masa bayanin ɗaukewar wuta, musamman lokacin zafi. Kowa na tune da watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa kamfanin NIGELEC, abin da ya ɗauki watanni kafin a janye takunkumin a farkon 2024. A nan tsarin PoE na da babbar fa'ida: tunda kamarori duka daga suwic suke shan wuta, wuri guda kawai za a tanadar wa batir, wato inda suwic da NVR suke.

Amma a yi lissafi. A misalin mai mangaza, da dare kamarori na cin wat 66, suwic kansa kamar 10, NVR kamar 15, jimilla kusan wat 90. Ƙaramin ondilar na ofis, mai batir ɗin volt 12 da amfa 7, ba zai kai awa guda da wannan nauyi ba. Aikinsa shi ne ya riƙe kayan kafin a tada gurup. Babban batir mai volt 12 da amfa 200 na ɗauke da wat-awa 2,400, amma idan na dalma ne rabi kawai ya kamata a sha don kada ya mutu da wuri. Wat-awa 1,200 ke nan, wanda bayan asarar na'urar juya wuta zai riƙe tsarin awa 11 ko kusa da haka, wato dare guda. Zafi ma na cin batirin dalma: duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 na rage rabin kwanansa.

Ga wanda ke aiki da farantan hasken rana, kamar a ƙauyukan da layin wuta bai kai ba, akwai suwic da ke karɓar volt 12 ko 24 kai tsaye daga batir, ya ɗaga shi da kansa zuwa 48. Wannan na kawar da buƙatar juya wutar zuwa 220 sannan a sake maido ta, kuma kowane juyi asara ne. Duk mai shirin sola ya kamata ya tambayi irin wannan tun farko.

Mai saiti ko marar saiti?

Suwic iri biyu ne. Marar saiti, a soka waya kawai ya kama aiki. Mai saiti, wanda ake shiga cikinsa ta kwamfuta, yana nuna wat nawa kowace ƙofa ke ci, yana ba da damar kashe ƙofa a sake kunna ta daga nesa, yana kuma iya ware kamarori daga sauran na'urorin gidan ta hanyar da ake kira VLAN.

Ga shago ko gida mai kamarori ƙasa da goma, marar saiti ya isa, kuma ya fi sauƙin musanyawa idan ya lalace. Abin da ya cancanci a nema a cikinsa shi ne tsarin da ke lura da kamarar da ta sandare ya yanke mata wuta ya mayar da kansa, wanda kamfanoni irin su TP-Link, Hikvision da Dahua ke sakawa a wasu samfuransu. Ma'aikatar magajin gari, asibiti ko makaranta, inda kwamfutoci da kamarori ke rezo ɗaya, su ne ke da buƙatar mai saiti, da sharaɗin akwai wanda ya iya shi a kusa, kuma an rubuta kalmar sirrinsa an damƙa wa mai wurin. Ba dole ba ne suwic ya zama kamfani ɗaya da kamarori, muddin duka suna bin ƙa'idar 802.3.

Kalmar sirri da haƙƙin maƙwabci

Kamara ba ta buƙatar intanet don ta ɗauki hoto ta ajiye. Intanet na shigowa ne idan mai wuri na son kallo a wayarsa, ta layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom. Daga ranar da aka jona ta, ƙofa ta buɗe ga duniya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, cikinsu har da kamarori da na'urorin ajiya, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka fito da su daga masana'anta, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Canza kalmar sirri a kowace kamara, da NVR, da suwic mai saiti, aikin ranar farko ne.

Haka kuma Nijar na da doka kan kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma hoton fuskar mutum na cikin irin waɗannan bayanai. Ko ba doka, al'ada ta isa ta yi gargaɗi: kamarar da aka kafa a saman bene na iya leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda iyalinsa ke harkokinsu. A karkatar da ita ga ƙofar mai ita da gaban shagonsa. A yanki irin wannan kuma, a guji fuskantar da kamara ga wuraren jami'an tsaro.

Kafin a biya kuɗi

Filingue na da nisan kimanin kilomita 180 daga Yamai ta hanyar Baleyara, kuma mafi yawan irin waɗannan kaya daga babban birnin ake kawo su. Suwic da ya ƙone na nufin kwanaki ba hoto, da kuɗin mota, da jiran mai gyara. Don haka tambayoyin da za a yi wa mai sayarwa tun yana gaban mutum sun fi rangwamen jaka biyu ko uku daraja. Nawa ne jimillar wat ɗin da akwatin ke bayarwa, kuma ta haura lissafin dare da kashi ɗaya cikin huɗu? An rubuta 802.3af da 802.3at a jikinsa? Zafin digiri nawa yake jurewa? Yana da fanka? Yana da kariyar tsawa da wurin ɗaura wayar ƙasa? Akwai garanti a rubuce a kan takardar saye?

Mai hali ya ajiye ƙaramin suwic na biyu a kwalinsa, ko aƙalla na'urar ba shi wuta, domin ita ce ta fi saurin mutuwa. A rubuta lamba a kan kowace waya da sunan wurin da take zuwa, ta yadda ko yaron shago zai iya cire na da ya soka sabo cikin ƴan mintuna. Sannan sau ɗaya a mako mai wurin ya buɗe hotunan tsakar dare, ba na rana ba, ya ƙirga kamarorinsa ɗaya bayan ɗaya ya ga ko duka suna nan.